Ruwan da Baba Kaɗai Yake Gani

Mahaifina mai gyaran kujeru ne. Tun kafin a haife ni yake da shago a titin da ke bayan gidanmu, tsakanin mai faci da wani kantin fenti, kuma cikin warin gam da ƙurar soso muka tashi, ni da Yayata. Sai a kawo masa kujerar da ta gama shan wuya, yadi ya yage, sifirin ya leƙo, ya kwance ta har sai katako tsirara ya rage, sannan ya sake ɗaura mata bel, ya yanka soso, ya ja sabon yadi ya buge. In zai fara bugu yakan watsa ƙananan ƙusoshi a baki, yana turo su ɗaya bayan ɗaya da harshe, guduma na ɗauka. Mama takan ce sirrin daɗewar aurensu ke nan: rabin yini bakinsa a cike yake, ba shi da halin mayar mata da magana.

Ita Mama aikin buga takardu ta yi a wani ofis har ta yi ritaya. 'Yar guntuwa ce, mai saurin ƙafa da saurin baki, irin matan da in sun shigo ɗaki sai ka ga kowa ya gyara zama ba tare da an ce ya gyara ba. Ko butar shayi ba ta iya jira ta tafasa, sai ta yi ta buɗe murfi tana leƙawa. Ni kuwa na ɗebo tsawon Baba har na ƙara, shi ya sa sunan Dogo ya bi ni tun ina firamare. A ma'aikatar ruwa nake aiki, ɓangaren gyaran bututu.

A shago mantuwar Baba ta fara nuna kanta. Ya yanka yadin kujera ɗaya sau biyu. Ya lulluɓe kujerun wani mutum da yadin da wata mata ta kawo. Wata rana ya fita sayen gam, sai mai kantin fenti ne ya tsince shi a tsaye a mahaɗar titi yana duban hanyoyi kamar baƙo. Da muka kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce cutar mantuwa ce irin ta tsufa, ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu da magani. Baba ya miƙa shagon ga tsohon yaronsa, wanda yanzu shi ma furfura ta fara fito masa, amma har yau Ƙusa ake kiransa saboda siririn jiki da faffaɗan kai.

Kusan shekara biyu muka yi a haka, har muka saba. Zai tambaye ka ya aiki, ka amsa, ka kurɓi shayi, ya sake tambayarka ya aiki. Cokulan gidan duk a aljihunsa ake samunsu. Amma ya san mu, yana wanka da kansa, yana cin abinci da kansa, yana tsokanar Mama a kan gishirin miya kamar yadda ya saba.

Ran da abin ya faru ina cikin rami har ƙugu, muna fama da wani bututu da ya fashe a gaban wata makaranta, sai wayata ta yi ƙara. Mama ce. Ba ta tsaya amsa gaisuwata ba. Ta ce in bar abin da nake yi in zo, kada in tsaya canza kaya. Na fito daga ramin na tare babur.

Na iske ƙofar falo a buɗe, Ƙusa a tsaye a bakinta yana share gumi da hularsa. Baba kuwa yana tsaye a kan doguwar kujerar falon, ya naɗe wando har gwiwa, ya rungume rediyo a ƙirji. Leɓɓansa sun bushe, idanunsa na yawo a ƙasa kamar mai bin wani abu da ke motsi. Cewa yake ruwa ya shigo, ya kai gwiwa, yana ƙaruwa, a kwashe soso a ɗora a sama kafin ya jiƙe. Daɓen falon kuwa a bushe yake ƙayau, Mama ta goge shi da safe har yana ƙyalli.

Ƙusa ya raɗa mini cewa ya yi ƙoƙarin nuna masa babu ruwa, har ya shiga tsakiyar falon ya buga ƙafa, sai Baba ya fasa ihu wai zai nutse, akwai rami a wurin. Tun daga nan bai ƙara shiga ba.

Na matsa na kira shi. Ya ɗago ya dube ni tun daga takalmin roba har hular kwano, babu alamar ya taɓa ganina. Ya juya wajen Mama ya tambaye ta wane ne wannan. Na buɗe baki zan ce ni ne, Dogo, sai ta riga ni.

“Ma'aikacin ruwa ne,” in ji ta. “Ni na kira su, suka turo shi.”

Baba ya sauke ajiyar zuciya. Daga nan ya hau ni da faɗa, wai haka muke kullum, sai ruwa ya gama ɓarna sannan a gan mu da hula. Na ce, “A yi haƙuri, Baba,” ina sane da cewa a kunnensa wannan Baban irin wanda kowane baƙo ke kiran dattijo da shi ne. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka.

Mama ta ja ni kicin, ta bar ƙofa a buɗe yadda za ta riƙa hango shi. Ta ce jiya lafiya lau ya yini, ya ci shinkafarsa, har ya yi mata mitar gishiri. Abin da ta lura da shi kawai, ya yi ta zaryar banɗaki. Da safe ya ƙi shayi, ya ce kansa na masa nauyi, kafin ta gama wanke kofuna ta jiyo shi yana kiran a kawo bokiti. Na ce ai likita ya gaya mana abin zai riƙa gaba, wataƙila lokacin ne ya zo. Na kira Yaya, wadda ke aure a wani gari mai nisa. Ta fashe da kuka, ita ma ta ce a ba shi maganinsa a lallaɓa shi ya kwanta, ƙila in ya yi barci ya tashi garau.

Mama ta girgiza kai.

“Shekara biyu ina kwana ina tashi da mantuwar nan, na san tafiyarta. Rarrafe take yi. Wannan da gudu ya shigo, ba ita ba ce.”

Abin da take tsoro shanyewar jiki ne, domin haka ta fara wa mahaifinta, da ruɗewa. Ta ce ko ma mene ne, ba a falo za a gano shi ba, asibiti za mu yanzu.

Sai dai Baba ya ce ko da wasa ba zai sa ƙafa cikin ruwan nan ba. Na ce mu kama shi ni da Ƙusa mu ɗauke shi cak, ai ba shi da nauyi. Mama ta dube ni irin duban da take mini tun ina yaro in na kawo shawarar banza. Ta ce mutumin da ya yi imani za a jefa shi a ruwa, ƙarfin ƙato gare shi, in bai karye a hannunmu ba, to ya daina yarda da duk wanda ya matso shi ke nan. Ta leƙa ta ce wa Ƙusa ya ruga shago ya kwaso falankan katako masu faɗi, ya taho da motar kaya.

Falanki uku ya samo. Mama ta sa muka shimfiɗa su a ƙasa kawai, ba a kan komai ba, ɗaya na bin ɗaya daga gindin kujerar zuwa ƙofa. Sannan ta tattare zaninta, ta shiga falon tana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai ratsa ruwa da gaske, har tana yamutsa fuska. Ta ce wa Baba ma'aikacin ruwa ya ɗora gada, amma ita ba ta yarda da aikinsu ba, shi da ya san katako ya duba mata. Baba ya sunkuyo ya ƙare wa falankan kallo. Ya ce na tsakiyar ya tanƙware, a juya cikinsa ƙasa. Ƙusa ya juya shi, kuma da na duba na ga gaskiya ne, ya tanƙware.

Mama ta hau falankin farko ta miƙa masa hannu.

“Ni fa tsoron ruwa nake ji. Ka riƙe ni mu haye.”

Ya ajiye rediyon a kan kujera. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya taka katakon ya gwada shi, ya sauko da ɗayar. Shi ne a gaba, yana riƙe da hannunta, yana ce mata kada ta dubi ƙasa, ta dubi bayansa kawai. Da sun bar falanki sai mu ɗauke shi ni da Ƙusa mu zagaya mu ajiye a gaba. Haka muka bar falo, muka ratsa tsakar gida, muka fita ƙofa har bakin mota. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Mama na tafe a kan katako tana gaishe su ɗaya-ɗaya, tana tambayar yara, kamar dama haka ake fita daga gidanmu kullum. Babu wanda ya yi dariya.

Suka shiga gaba su biyu da Ƙusa, ni na hau baya tare da falankan. Baba ya ce a tafi a hankali kada ruwa ya shiga injin, Ƙusa kuwa bai taɓa saɓa masa ba, sai ya kama jan motar kamar hawainiya a busasshen titi, na baya suna ta danna mana ham. Sai da Mama ta ce mun hau tudu, nan ruwan bai iso ba, sannan Baba ya ba da izinin a taka.

A asibiti muka zauna a dogon bencin ƙarfe na sashen gaggawa, Baba ya ɗora ƙafafunsa a kai ya ƙi saukewa. Nas ta gwada jininsa da zafin jikinsa, ta ce zazzaɓin ba wani mai yawa ba ne. Likitar da ta gan mu matashiya ce, mai magana a hankali. Ta tambayi Baba sunansa ya faɗa, ta tambaye shi inda yake ya ce tashar mota. Sai ta juya ga Mama ta tambaye ta yaushe rabon da ta gan shi yadda ta saba ganinsa. Da Mama ta ce jiya, likitar ta ajiye biro ta ce a gaya mata komai daga farko, kada a tsallake ko ƙaramin abu. Har zaryar banɗakin sai da ta sa aka maimaita.

Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ɗauki hoton kai. Da la'asar sakamako ya fito. Ba shanyewar jiki ba ce. Ƙwayoyin cuta ne suka kama masa mafitsara, ga kuma ƙarancin ruwa a jiki. Likitar ta yi mana bayani cewa tsofaffi, musamman masu mantuwa, ciwo irin wannan ba lallai ya zo musu da zazzaɓi mai zafi ko kukan ciwo ba, sai kawai a ga sun rikice cikin yini guda, suna ganin abin da babu. Ta ce irin wannan ruɗewar tana da magani in an gano abin da ya tayar da ita, amma in aka zauna jiran ta wuce, cutar na iya shiga jini. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita tana can tana gadin sama, ashe ɓarawon ta ƙasa ya shigo. Likitar ta yi dariya har ta dafa tebur. Aka ba mu gado.

Ɗakin maza ne mai gadaje a jere, fanka na juyawa a sama tana ƙara, tagogi na kallon wurin ajiye motoci. Aka ɗaura wa Baba ruwa, aka fara allurai. Nan sabon aiki ya tashi, domin da zarar an kau da ido sai ya fizge robar daga hannunsa, jini ya ɓata zanin gado. Aka sake sa masa ya sake cirewa. Nas ta ce in aka ci gaba a haka dole a ɗaure masa hannun a jikin gado da bandeji. Ba da mugunta ta faɗa ba, wuraren da za a soka allura a hannun ne suka fara ƙarewa. Mama ta roƙe ta ta ba ta ɗan lokaci.

Ta zauna ta zuba wa hannayensa ido. Ta lura in ba robar yake ja ba, to bakin katifa yake tsinka, yana bin ɗinkin da farce. Sai ta aike ni shago in ce wa Ƙusa ya ba ni tsohon matashin kujera wanda ɗinkinsa ya fara saki, in kuma biya gida in ɗauko mata allura da zare da safar Baba ƙafa ɗaya. Ta yanke kan safar ta zura masa a hannu ta rufe wurin robar, ta ce abin da ido bai gani ba hannu ba ya nema. Sannan ta ɗora masa matashin a cinya, ta ce mai shi yana sauri, a kwance masa tsohon yadin kafin a kawo sabo.

Baba ya juya matashin, ya latsa soson, ya ja tsaki ya ce wanda ya yi wannan aikin bai ji tsoron Allah ba. Ya kama kwance ɗinki da yatsu, zare bayan zare, yana tara su a gefe. In ya gaji ya yi barcin rana, sai Mama ta ɗauke matashin ta koma bakin taga, ta gyara tabarau ta mayar da ɗinkin sako-sako, kafin ya farka aiki na jiransa. Ba a ɗaure shi ba. Mutumin gadon kusa, wani direba da ya karye a ƙafa, ya ce in an sallame shi zai turo kujerun gidansa, tun da ga shi an buɗe reshe a asibiti.

Na tambayi Mama inda ta samo wannan haƙurin, ita da muka sani. Ta ce babu wani haƙuri da ta samo, har gobe cikinta tafasa yake. Gani kawai ta yi in ta gaggauta shi aikin minti biyar sai ya cinye yini.

Ba kullum dabara ke ci ba. Wata yamma na taso daga aiki na iske Baba ya birkice, dama da yamma ruɗewar tasa ta fi tashi. Mama ta miƙa masa kofin ruwa ya buge shi, ruwan ya watsu a jikinta. Ya nuna ta da yatsa, da muryar da ban taɓa jin ya yi mata magana da ita ba, ya ce wannan matar tun safe take masa shawagi a kai, ya san abin da ta zo sata.

“Ki fita. A kira mini matata.”

Mama ta sunkuya ta ɗauki kofin ta ajiye a kan loka, ta ce to, bari ta je ta kira ta. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na bi ta. Na same ta a ƙarshen baranda, wajen famfon wanke hannu, ta dafa bango da hannu ɗaya. Ban taɓa ganin ta yi ƙanƙanta haka ba. Na ce ta tafi gida ta huta, ni zan zauna. Ta buɗe famfo ta wanke fuska, ta goge da bakin mayafi, ta jefa tabarau a jaka, ta juya mayafin ta yafa shi ta ɗaya fuskar. Ta ɗan tsaya har numfashinta ya daidaita. Daga nan ta nufi ɗakin da saurin nan nata, tun daga bakin ƙofa ta ɗaga murya tana mitar cunkoson motoci da direban da ya sauke ta a nesa, daidai yadda take shiga gida in ta dawo daga kasuwa.

Baba ya ɗago.

“Ina kika shige tun ɗazu?”

“Ina kuwa zan shige? Kai dai sha ruwa tukuna, leɓenka duk ya bushe.”

Ya karɓi kofin ya shanye. Ya kai mata ƙarar matar da ta dame shi, Mama ta ce ta gamu da ita a hanya, ba za ta ƙara dawowa ba. Ta ƙara masa ruwan. Daga baya da na raka ta sayen burodi na tayar da maganar, ta ce ba da ita yake ba, da tsoro yake. Da muka tsallaka titi ta ƙara da cewa sanin hakan ba ya hana abin zafi.

Ruwan ya janye a hankali. Da farko Baba ya ce ya sauka zuwa idon sawu. Bayan haka ya yarda ya taka ƙasa zuwa banɗaki, amma da takalmi. Sai kuma ya daina maganarsa gaba ɗaya, har da Yaya ta iso ta yi masa jajen ruwa, ya dube ta kamar ita ce ba ta da lafiya. Wata safiya na shigo da fulas ɗin shayi, ina ajiyewa na ji ya ce, “Dogo, yau ba aiki ne?” Na ce akwai, yanzu zan tafi. Na fita baranda na daɗe ina kallon motoci kafin in iya komawa ciki.

Amma bai dawo daidai inda ya tsaya ba. Likitar ta riga ta gaya mana hakan na faruwa, ruɗewar takan tafi, sai dai ta bar mai mantuwa ƙasa da inda ta same shi. Maɓallin riga ya gagare shi. Wanka sai an tsaya masa. Sunan Yaya yakan zo ya tafi. Ranar sallama likitar ta ce a riƙa ba shi ruwa a kai a kai ko bai nema ba, kuma duk ran da aka ga ya canza farat ɗaya, kada a ce tsufa ne, a kawo shi. Har mun miƙe sai ta dubi ƙafafun Mama da suka kumbura suka cika silifas, ta tambaye ta ita kuma wa ke kula da ita. Mama ta ce ƙafa ce kawai, ta gaji da zaman benci. Likitar ba ta ja maganar da ita ba, mu ta zuba wa ido, ni da Yaya.

A gida muka zaunar da Mama muka ce daga yanzu yini ɗaya a kowane mako ɗayanmu zai karɓe ta. Yaya za ta ɗan kwana biyu kafin ta koma, in ta tafi ni da matata mu ci gaba. Mama ta ce ba ta ƙi ba, amma wa za ta bar wa shi, mu da ko ruwa ba mu iya ba shi ba? Gaskiyarta kuwa. In ka miƙa masa kofi ka ce ya sha, sai ya ce ya ƙoshi. Ita kuwa kofi biyu take zubawa, ta zauna kusa da shi ta fara shan nata tana hira, sai ka ga hannunsa ya tafi ga nasa. Haka ta sa mu a gaba kamar sababbin ma'aikata. Ta hana Yaya tambayarsa ko ya gane ta, ta ce wannan jarrabawa ce, kuma ba wanda ke son a tare shi da jarrabawa a cikin gidansa. In ta shigo ta ce Baba ga babbar 'yarka ta zo, ta huta ya huta. Ni kuma ta hana ni yi masa magana daga tsaye, ta ce da wannan tsawon nawa kamar bango ne ya zo gaishe shi. Sai da ta ga Yaya ta sa masa riga ba tare da rigima ba sannan ta amince.

Ranar hutunta ta farko na zo da tsohuwar motata na ɗauke ta zuwa gidana. Har ta shiga motar ta fito ta koma ciki, wai ba ta nuna wa Yaya inda tawul yake ba. Matata ta yi girki, ta gyara mata ɗaki, amma Mama ta ƙi shiga. Ta ɗosana a bakin kujerar falo, waya a hannu, jaka a cinya, kamar mai jiran a kira ta a layin asibiti. Ta ce bari ta ɗan jingina bayanta kafin a zuba abinci. Ba ta ƙarasa maganar da ta fara ba barci ya kwashe ta, da takalmi a ƙafa. Matata ta zare mata tabarau, ta cire wayar daga hannunta, na kashe talabijin. Muka yi ta tafiya da sanɗa a cikin gidanmu har rana ta juya.

Da ta farka ta yi mana faɗa sosai, wai mun bar ta ta yi barci kamar marar aikin yi. Sannan ta ci abinci har ta nemi ƙari, ta gaya wa matata labulen falo ya yi wa tagar gajarta, ta ce in mayar da ita kafin yamma ta yi, lokacin da yake fara nemanta.

A hanya ta ce in sauke gilashi in rage gudu. Ta yi ta kallon titi. Ta tambaye ni yaushe aka gama dogon ginin nan na kusa da gidan mai, na ce ai ya fi shekara. Ta ce ikon Allah. Sai a lokacin na gane tun da mantuwar Baba ta fara, iyakar fitarta kasuwa da asibiti.

Da muka tsaya a ƙofar gida ba ta fita nan da nan ba. Daga ciki muna jiyo muryar Yaya tana lallashi, da ta Baba yana musu. Muka shiga muka iske bai yi wanka ba, rigarsa a bai-bai, shinkafa a warwatse a kan tebur, Yaya ta yi wujiga-wujiga kamar wadda ta fito daga dambe. Amma ya ci, ya sha, kuma dariya yake yi, wai yarinyar nan ba ta iya komai ba sai ya koya mata. Yaya ta fara ba da haƙuri, Mama ta ɗaga mata hannu. Ta dubi Baba sama da ƙasa, ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta gyara masa wuyan rigar ba tare da ta ce a juya ta ba. Ta ce wanka ba guduwa zai yi ba, gobe ma rana ce.

Ta rako ni har bakin mota, abin da ba ta saba ba. Na tayar da injin ke nan sai ta ƙwanƙwasa gilashi. Na sauke.

“Mako mai zuwa ka zo da wuri,” in ji ta. “Kuma ka ce wa matarka ta sake gyara ɗakin nan. Wuyana har yanzu ciwo yake.”